Iskar Alhaji Mounkaila

Moutari ɗan Damagaram ne, amma a ƙarƙashin ruwa yake neman abincinsa. A Lyon yake nutso a kogin Saône, yana kwance igiyoyin da suka naɗe farfelar jiragen dakon kaya. Da tulun iska a goye yake sauka, shi ke riƙe da numfashinsa. A 1986 mai kantin kayan nutso ya ɗaga kuɗin cika tulu daga faran goma sha biyar zuwa ashirin da biyar. Moutari ya yi ƙorafi a gaban matarsa Raliatou, ita kuwa ba ta iya riƙe magana, ta kai wa mahaifinta.

Mahaifin nata, Alhaji Mounkaila, ɗan kasuwa ne a Montreuil, can Paris. Ya aiko cewa in za su zo wani suna da za a yi a gidansa, Moutari ya taho da tulunansa. Ranar sunan, bayan an watse, Alhaji ya ja shi gareji, ya yaye tamfol daga kan wani tsohon injin cika tulu da ya saya a gwanjo.

"Iskar Allah ce za a sayar wa surukina?" in ji Alhaji. "Kawo su nan."

Ya tada injin a rufaffen gareji, hayaƙin isansi, wato fetur, na tashi daidai inda injin ke zuƙar iska. Moutari ya lura. Duk mai nutso ya san wannan iska guba ce: mutum sai ya ji barci a ƙasan ruwa, shi ke nan. Amma ina bakin da zai kushe kyautar suruki? Tun da ya auri Raliatou bai taɓa cin abinci a gaban dattijon ba, balle ya gyara masa aiki. Ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya yi godiya.

Da suka koma Lyon ya buɗe tulunan a bayan gida. Iskar ta fita tana warin baƙin mai. Ya je kanti ya biya aka wanke su aka cika, ya ce a ransa ya tsira da ransa da mutuncinsa. Har daɗi ya ji, wai ya yi dabara.

Kwana tara bayan haka, da hantsi, talho ya yi ƙara. Alhaji ne. Suka gaisa, aka tambayi gida da aiki da sanyi.

"Yaya iskar tawa?"

"Lafiya lau, Baba."

"Madalla. Ai na faɗa wa Ilya haka. Ka san shi, mai 'ya'ya ukun nan da ke nutso a kanal ɗin Bobigny, mashigar jiragen ruwan nan. Da farko ya yi ta noƙewa, na ce masa Moutari da ya san aikin bai ga aibu ba. Jiya na cika masa biyu."

Tsoro ya kama Moutari.

"Baba, iskar nan ba ta da kyau. Zubar da ita na yi. A hana shi shiga ruwa."



"Tun asuba ya fita," in ji dattijon a hankali. "Don me ba ka gaya mini ba, ɗana?"