Kwalba ta Huɗu

Aikin Yaya shi ne yi wa ido ƙarya. Takan narka sukari ta zuba a mazubi, ya fito kwalba koriya shar, wadda za a fasa wa mutum a ka ba tare da ko ƙwarzane ba. Ranar ta kawo guda uku, domin a fim ɗin da ake ɗauka za a rotsa wa ƙaninta Auta ɗaya a keya cikin faɗan shago. Ita ta samo masa aikin, bayan ta rantse wa mahaifiyarsu cewa ko ƙuda ba zai taɓa shi ba.

Sai ga wani da ake kira Aku, mai ɗaukar bidiyon yadda ake shirya fim don a nuna wa 'yan kallo. Irin mutanen nan ne da ba su iya ganin abu a ajiye su bar shi. Ya zaro kwalbar gaske daga jakarsa, ya jera ta cikin na Yaya a kan teburin da za a yi wasan.

"To masu kallo, wacce ce ta gasken?" Ya shiga juya su yana dariya.

"Malam, ɗauke kayanka," in ji Yaya. "Ba a wasa da wannan."

"Haba Yaya, sau ɗaya kawai. Hasken bai yi ba, mu sake."

Ana cikin sakewa aka ƙwala mata kira, jinin ƙarya ya daskare a roba. Ta tafi ranta bai so ba. Da ta dawo kwalba uku ne a tebur, Aku na rungume da ta huɗu. An riga an kunna fitilu, an zaunar da Auta ya ba tebur baya. Basamude, ƙaton da zai yi dukan, yana murza wuyan hannu. Darakta ya gargaɗe shi kada ya tausaya, sukari ne, ya saki hannu.

Aka tura Yaya cikin 'yan wasa masu cika shago.

"Mu je!" in ji darakta.

Aka kaure da hayaniya. Aku ya matso kusa da ita, yana goge tafinsa a wando.

"Yaya," ya raɗa mata, "me ya sa kwalbar nan take manne mini a hannu?"

Ta duba. Zufarsa ta fara cin wuyan kwalbar. Ta sukari ce, ta gasken tana kan tebur.

"Tsaya! Kar ka buga masa!"

Amma abin da aka ce kowa a shagon ya yi ta faɗa ke nan. Muryarta ta fi ta kowa tsoro, har darakta ya ɗaga mata babban yatsa. Basamude ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, ya damƙi ta tsakiya.