Kwalbar Farfesa Zamfir

Tun kafin a kawo kofin safe tudun ya bayyana a kan allo, kuma tun daga lokacin hankalin Ruxandra bai kwanta ba.

Kwana da kwanaki suna harba furoton a kan wani fallen kuza, nau'in da ba a samu a kasuwa, suna auna ƙarfin da kowace ƙwaya ta fito da shi bayan ta daki cibiyar zarra. Wadda ta fito da ƙarfinta cif, ba ta da labari. Wadda ta fito da ragi kuwa, ta bar wani abu a can ciki, ta girgiza cibiyar, kuma irinta ne ke taruwa su yi tudu a allon kwamfuta. Wannan sabon tudu ya tsaya daidai inda Farfesa Zamfir ya ce zai tsaya, tun Ruxandra tana ɗaliba a ajinsa.

A wannan ɗakin bincike na bayan garin Bukares akwai al'ada. Duk wanda ya yi hasashen wani sabon abu, zai kawo kwalbar tsuika, barasar gargajiya, daga ƙauyensu, ya toshe bakinta da kakin zuma, ya ɗora kan kabad. Ba a taɓa ta sai ranar da injin harba furoton ya gaskata shi. Kwalabe nawa aka sauke aka shanye, ta Zamfir tana nan, ƙura ta yi mata riga. Shi kansa ya yi ritaya, hannunsa ya fara rawa, kuma kowa ya san wannan makon da aka ba su a kan injin na girmamawa ne. Ba za a sake ba shi wani ba.

Nea Tudose, mai kula da injin, ya riga ya jawo kujera ya taka ya sauko da kwalbar, ya miƙa wa Zamfir.

"Dom' Profesor, yau dai za mu ji ko matarka ta iya dafa barasa ko cika baki ne kawai."

"Surukata ce ta dafa," in ji Zamfir, yana dariya idonsa na ƙyalli. "Ka yi hattara, ko a kabari ba ta yafe raini."

Ruxandra ta ji maganar da ke bakinta ta yi mata nauyi. Tana son tsohon nan. Shi ya tsaya mata lokacin da ba wanda ya yarda za ta iya, kuma ga shi yau fuskarsa ta koma ta yaro. Amma ita ce shugabar wannan gwaji, sunanta ne zai fara fitowa.

"Ba mu juya ido ba," ta ce.

Ido shi ne abin da suke kiran na'urar da ke kama ƙwayoyin, wadda ke zaune kan wani hannun ƙarfe cikin tukunyar gwaji. Kowa a nan ya san dokar. Tururin man famfon da ke zuƙe iskar tukunyar yakan kwanta a kan falle a hankali, kuma wannan dattin shi ma yana iya yin tudunsa, ya zauna a allo kamar ɗan gida. Hanyar gane shi ɗaya ce, a matsar da ido zuwa wata kusurwa. Cibiyar kuza nauyi gare ta, tudunta ba ya gusawa sai kaɗan. Na datti kuwa, da yake ba shi da nauyi, da an juya sai ya yi tafiya.

"Doamna Ruxandra, ƙaramar na'urar da ke juya hannun ta ƙone tun shekaranjiya, ke ma kin sani," in ji Nea Tudose. "Sai dai a buɗe tukunya a juya da hannu. Ki shigar da iska, ki fitar da iska, a kan fallen da atishawa ma ke fasa shi? Kuma ba mu da wani. Ga mutanen Poland can a baranda da akwatunansu, rana na tsaka injin nasu ne. A bar kaza cikin gashinta mana."

Gaskiya ya faɗa. Idan suka zauna yadda suke, tudun zai ƙara tsayi har tsakar rana, su rubuta shi su buga, wasu su zo daga baya su tabbatar ko su ƙaryata. Idan fallen ya fashe, shi ke nan, ba tabbaci, ba ƙarin awo, ba sauran kuza.

Zamfir ya cire tabarau ya goge. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Ruxi, a daidai wurin ya fito. Daidai. Datti ya san lissafina ne?"

"Bai sani ba, Dom' Profesor. Amma na duba, a wannan kusurwar nan ne shi ma zai faɗo, ko kusa da nan."

"Ko kusa da nan." Ya maimaita da ɗaci. "Rabin rayuwata ina jira, ke kina ce mini ko kusa da nan."

"Kai ka kayar da ni a jarrabawa saboda na kawo maka tudu daga kusurwa ɗaya. Ka ce in tafi gida in sayar da kabeji."

"Da kin tafi, da yau na sha barasata."

Ba wanda ya yi dariya. Ruxandra ta ji kamar ta nutse a ƙasa, domin ta san abin da take yi masa, kuma ta san idan ya ce a'a ba za ta iya tsallake maganarsa a gaban mutane ba. So, an ce, hana ganin laifi, to masu ilimi ma ba su tsira ba. Mutumin da ya koyar da rabin ƙasar nan shakka, yau shi ne ke roƙon a rufe ido. Zamfir ya sake duban allon. Sannan ya ajiye kwalbar kan tebur, a hankali.

"Tudose, kashe harbi. Kawo mini tocila."

Su uku suka shiga zauren gwaji, suka rufe ƙofa don kada iskar baranda ta biyo su. A gaban tukunya ba a magana, ba a tari, kowa ya ɗaure hanci da baki. Zamfir ya tsaya a ƙaramar tagar gilashi yana haska fallen, ita kuma ta durƙusa ta kama makunnin shigar da iska. Ba murɗa shi ake yi ba, lallashinsa ake yi. Ta taɓa shi kaɗan, ta saurara, ta sake taɓawa.

Ta hango fallen ta gefen kafaɗarsa, ɗan abu kamar ɓawon albasa a cikin zobe. Ya kumbura ya yi ciki. Zamfir ya ɗaga tafin hannu, ta tsaya cak. Hasken tocilar yana rawa a kan ƙarfe saboda hannunsa, har ta kasa bambance ko fallen ne ke karkarwa ko hasken. Gumi ya gangaro mata cikin ido, ba ta goge ba. A zuciyarta wata murya tana cewa, bari ya fashe mana, kowa ya huta, tsoho ya tafi gida da tudunsa ba wanda ya ƙaryata. Ta ji kunyar wannan tunani ƙwarai.

Fallen ya koma ya kwanta. Hannun Zamfir ya sauka.

Suka ɗaga murfi ita da Nea Tudose kamar masu ɗaukar jariri mai barci. Ta zura hannu, fuskarta a kauce, ta kwance ƙusar, ta tura hannun ƙarfen baya sosai, ta ɗaure. Aka mayar da murfi. Zuƙe iskar ya fi shigar da ita ban tsoro, kuma ya ci lokaci har rana ta hau. Fallen ya sake kumbura, wannan karon ta ɗaya gefen, amma bai fashe ba.

Da suka koma ɗakin allo, shugaban mutanen Poland ya leƙo yana nuna agogonsa. Nea Tudose ya cusa masa burodin zobe a hannu.

"Ci wannan, abokina. Rana ba ta kai tsaka ba tukuna. A nan ƙasar ranarmu tana da nawa."

Harbi ya dawo. Allon ya fara cika da ɗigo, nan ɗaya, can ɗaya. Tsofaffin tuddan kuza, waɗanda kowa ya sani, suka fara tasowa a gurabensu. Ruxandra ta ɗora yatsa a kan wurin da na Zamfir ya kamata ya fito, ta riƙe. Ɗigo ya faɗo kusa da farcenta. Wani ya biyo. Daga nan shiru. Ta ƙi duban ko'ina sai wannan wuri, kamar kallo zai iya tsirar da abu.

"Cire yatsarki, 'yata," in ji Zamfir daga bayanta. "Ga shi can."

Ta duba. Can hagu, nesa da yatsarta, inda a da ba komai, wani tudu yana tasowa, mai kamannin na safe sak.

"Ya yi tafiya," ya ce. "Man famfo ne. Tudose, ka faɗa wa baƙi su shigo da kayansu."

Ruxandra ta juyo, hawaye sun cika mata ido. Ta so ta ce ya yafe mata, amma ya girgiza kai tun ba ta buɗe baki ba.

"Da mun buga shi, da wani yaro a Krakow ya juya idonsa ya yi mana dariya, ni ina kabari ba bakin ramawa. Lissafina yana nan. Wataƙila ya fi haka ƙanƙanta ne, dattin ya rufe shi. Wataƙila kuma babu."

Ya ɗauki kwalbar, ya share ƙurarta da hannun rigarsa, ya nufi kabad. Ya ɗaga ƙafa zai taka kujera, ƙafar ta ƙi. Ya sake gwadawa, ya tsaya yana haki. Nea Tudose ya kau da kai.

Sai ya miƙo wa Ruxandra.

"Hau ki mayar. Ki tura ta can ciki, kada ta faɗo. In ranar ta zo, ke za ki fasa kakin, kuma ki juya ido kafin ki fasa."

Ta karɓa da hannu biyu, ta taka kujerar. A kan kabad ɗin akwai da'irar da gindin kwalbar ya bari cikin ƙura, ta ajiye ta daidai a ciki. Kafin ta sauko, tsohon ya riga ya ɗauki hularsa, yana riƙe wa mutanen Poland ƙofa.