Jaririyar da Aka Kai wa Mas'uda

Shekara shida Zaituna tana auren Suhaibu a Karaye babu wanda ya taɓa jin kansu, sai da Gwaggo Zuwaira ta dawo daga Sudan. Ƙanwar mahaifin Zaituna ce, ta yi shekara ashirin da ɗoriya a can, ta dawo da turaren wuta da ciwon gwiwa da bakin da ba ya iya riƙe magana. Ranar da ta zo ganin gida, tana cikin yi wa Kausar wasa, 'yar Zaituna mai shekara biyu, sai ta tambayi asalin maigidan. Aka ce mata mutumin Jajaye ne, ɗan marigayiya Mas'uda mai ƙuli-ƙuli.

Gwaggo ta sauke yarinyar daga cinyarta a hankali.

"Mas'uda ta bakin rijiya? Innalillahi! Ai ita ta shayar da 'yar Munawwara, shekarar da ta yi ciwon nono."

Munawwara ita ce mahaifiyar Zaituna. Kuma ba sai an je makaranta ba kafin a san abin da maganar nan take nufi: matar da ta shayar da kai uwarka ce, 'ya'yanta 'yan'uwanka ne, babu aure a tsakani ko da an haifi goma.

Abu ɗaya ya rage wa Zaituna ta riƙe. 'Ya'ya mata biyu Munawwara ta haifa a Jajaye kafin su taso Karaye, ita da yayarta Sadiƙa, wadda ƙyanda ta kashe tana 'yar shekara goma. To wacce aka shayar? A nan fa Gwaggo ta cije. Ta tuna launin zanin da Mas'uda ta ɗaura ranar, ta tuna an yi ruwan ƙanƙara, amma jaririyar da ake magana a kanta ta ɓace mata. Haka wasu mutane suke, su tuna abin da zai rushe gida, su manta abin da zai tsayar da shi. Iyayen duka sun rasu, su kuwa mazan dangi ba a taɓa jin sun san wa ya sha nonon wa ba.

Suhaibu ya kai maganar wurin Malam Sabi'u, limamin da ya ɗaura auren. Malam ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce su raba ɗaki tukuna, a nemi ungozomar da ta karɓi haihuwar. "Idan Sadiƙa ce, ku koma ɗakinku, babu komai. Idan kuwa ta ce Zaituna ce, ni ba ni da bakin da zan ce ku zauna."

Tun daga ranar Suhaibu ya kwashe tabarmarsa ya koma zaure. Mutumin da ba ya iya wuce matarsa bai kama hannunta na hagu ba, ya latsa ɗan tsiron da ke gefen ƙaramin yatsanta yana tsokanarta da "mai cindona", yanzu sai ya ajiye cefane a bakin ƙofa ya yi gyaran murya. Zaituna ta rame cikin mako guda. Tana son mijinta, ba ta kuma jin kunyar zuciyarta a kan haka, ko da yake don kunya irin ta matan garin ba ta taɓa kama sunansa ba tun da aka kawo ta. Baban Kausar take cewa, kafin Kausar kuwa Maigida.

Ungozomar tana nan da rai a Jajaye. Iya Saude, ta haura casa'in, rabin garin ta hannunta suka faɗo duniya. Sai dai surukarta da take jinyarta ta faɗa musu gaskiya tun daga ƙofa: "Ku shiga dai, amma Iya ko ɗan cikinta ba ta ganewa. Jiya ma cewa ta yi wane baƙo ne wannan."

Sau biyu suna zuwa a kan babur, ta hanyar da damina ta gama cinyewa, suna komawa hannu rabbana. Zaituna ta yi duk dabarar da ta sani. Ta jero sunaye, ta kwatanta gidan, ta ambaci ruwan ƙanƙara. Ta zo da tsohuwar tasar mahaifiyarta ta ɗora wa Iya a cinya ko za ta tono wani abu. Iya ta juya tasar, ta leƙa cikinta, ta ɗago da murmushi.

"'Yar nan, kin ci abinci?"

"Na ci, Iya. Munawwara nake tambayarki, matar Kabir mai ɗinki. Don Allah ki tuna."

"Allah sarki. To kin ci abinci?"

A zuwa na uku, ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar cirar gyaɗa, gidan ba kowa. Surukar ta tafi kai abinci gona, Suhaibu ya tsaya a waje ƙarƙashin darbejiya. Zaituna ta durƙusa gaban tsohuwar, ta kama ƙafafunta, kukan da take ta haɗiyewa ya ƙwace mata.

"Iya, aurena ne a bakinki. Kalma ɗaya nake roƙo. Ki ce Sadiƙa, Iya. Ki tuna, ki ce Sadiƙa ce!"

Tsohuwa ta zuba mata ido kamar mai kallon ruwan sama. Babu abin da ya motsa a fuskarta.

Kukan uwar ne ya tayar da Kausar da ke goye a bayanta, ita ma ta tsala nata. Sai ga Iya ta miƙo hannu biyu, irin miƙowar wanda ya saba. Zaituna ta kwance goyon ta ba ta, don ba ta da ƙarfin rarrashi. Abin mamaki, hannuwan da ko kofi ba sa iya riƙewa suka daina rawa. Suka shafa maɗigar yarinyar, suka duba bayan kunne, suka gangaro cibiya, sannan suka kama yatsu suna ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda suka yi wa kowane jariri shekara sittin. Ashe ba duk tunawa ce take zaune a ka ba. Akwai wadda ake kira da suna ta ƙi zuwa, a yi ta tono har a gaji, alhali tana nan kwance a tafin hannu tana jiran aikin da ta saba.

"Biyar cif," in ji Iya, da wata murya garau da Zaituna ba ta taɓa ji ba. "Wannan ba ta zo da cindo ba. Ba irin 'yar Munawwara ba."

Zaituna ta matso kusa.

"Kai, yarinyar nan ta ba ni wahala! Baƙin zare na ɗaure mata, kwana huɗu yatsan ya faɗi. Ga uwa nono ya kumbura ya yi jawur, ko taɓawa ba a yi. Jaririya tana ta ihu har muryarta ta dishe. Na ce a'a, ba za ta mutu a hannuna ba. Na saɓa ta a kafaɗa cikin ƙanƙarar nan na kai wa Mas'uda. Baiwar Allah, nan take ta karɓe ta. Kwana goma sha biyu tana ba ta."

"Iya," Zaituna ta ce, muryarta kamar ba tata ba, "wacce daga ciki? Babbar ko ƙaramar?"

"Mai cindon mana. Ai ita kaɗai ce."

Ita kaɗai ce. Zaituna ba ta buƙatar a faɗa mata. Ta san hannun Sadiƙa sarai, sumul yake, da shi take nuna ta tana dariya idan sun yi faɗa. Ta tura hannunta na hagu cikin mayafi ta damƙe shi, kamar za a ƙwace mata.

Iya ta ci gaba da jijjiga Kausar. Can hasken idonta ya dushe, hannuwan suka koma rawarsu. Ta dubi Zaituna da fara'a.

"'Yar nan, kin ci abinci?"

Babu wanda ya ji. Kaji ne kawai a tsakar gidan. Gobe ko alƙali aka kawo, Iya ba za ta maimaita ba, Gwaggo kuma ba ta da tabbas. Zaituna tana iya fita ta ce yau ma ba a dace ba, a yi zuwa na huɗu da na biyar, Malam ya gaji ya ce shakka ba ta raba aure, Suhaibu ya naɗe tabarmarsa ya dawo ɗaki. Ta zauna ta auna wannan ƙarya ta kowane gefe, kuma wallahi ta so ta. Mako uku tana roƙon Allah ya sa tsohuwa ta tuna. Yanzu ga shi tsohuwar ta sauke kayanta ta huta, ita ce aka bari da abin da ba za ta taɓa mantawa ba, duk ranar da Suhaibu ya kama hannun nan ya latsa.

Ta goya Kausar, ta ɗauki tasar mahaifiyarta, ta yi wa Iya sallama.

Suhaibu yana hango ta ya miƙe tsaye, hularsa a hannu, ya murɗe ta har ta fita kamanninta.

"Yaya dai? Ta ce wani abu?"

Zaituna ta buɗe baki za ta ce Baban Kausar, kalmar ta ƙi fita. Ta dubi fuskarsa sosai, irin kallon da ba ta taɓa yi masa a waje ba. Sannan ta zaro hannun daga cikin mayafi ta buɗe masa shi.

"Yaya Suhaibu," ta ce, "ka kai ni gidan Gwaggo."

Shekara shida bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Hular ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi cikin ɓawon gyaɗa, bai sunkuya ya ɗauka ba.