Hannun da Ya Tallafi Ƙeya

Mutumin yana tsaye a barandar bene, ya miƙo jaririyarsa ta saman ƙarfen barandar, yana rantsuwa idan surukansa suka hawo ɗaukarta zai sake ta. Uwar tana ƙasa tana ihu, mata sun rirriƙe ta. Ni ce sajan da aka turo, ni da kofur ɗina.

Taron jama'a kuwa, kowa ya zama gwani. Wannan ya ce a harbe shi, wancan ya ce a kawo katifa, saura sun ɗaga wayoyi. Oba-oba kuma sai ƙara take a kafaɗata, shugabana na kira daga ofis.

"Sajan, me ake ciki? Sajan, ba ni rahoto!"

"Yallaɓai, ina magana da shi."

"Me ya ce? Sajan!"

Wallahi kaina ya ɗau zafi. Mutum yana zaune ƙarƙashin fanka yana so in ba shi labari, ni kuwa ko numfashina ba na ji. Na murɗe oba-oba na kashe.

A wajen horo an koya mana: bar fuska, dubi hannu. Na ja numfashi, na duba. Bakinsa na zage-zage, amma tafin hannunsa na hagu yana tallafe da ƙeyar yarinyar, babban yatsa yana shafa mata kunne. Mai niyyar jefar da jariri ba ya tallafe wuya.

"Kofur, sauke bindigar nan."

"Oga, idan ya..."

"Na ce sauke!"

Na ɗaga kai. "Baban yarinya, rana na dukan idonta. Shiga da ita inuwa, sai mu yi magana."

Ya dubi fuskar 'yarsa. Ya ja da baya, ya kare ta da inuwar jikinsa, ya zauna daɓas yana kuka. Da na hau, da kansa ya miƙo min ita, har yana ce min in riƙe kan da kyau.

Ina saukowa, na tarar Yallaɓai ya iso. Jaririyar na kafaɗata, ta jiƙa min riga da miyau. Ko kallonta bai yi ba.

"Sajan, wa ya ba ki izinin kashe oba-oba?"

Tun ranar nake gadin ƙofar ofis, ina ɗaga wa motoci ƙarfe.