Rigar Manjo a Jikin Darlene

Maɓallin rigar Manjo ya ƙi shiga, Kofur Darlene kuwa dariya ta hana ta shanye ciki.

"Bar numfashi, 'yar auta," in ji Saje Wasyl, yana jan rigar ta baya.

Al'ada ce: ranar walimar Kirsimeti, autan sojoji shi ke saka rigar kwamandansu, wato Manjo, hafsoshi su yi rabon abinci, abin da autan ya ce kuma ya zauna har a kwashe kwanuka. To, su wannan 'yar rundunar sojojin ko-ta-kwana, masu atisaye a ƙarshen mako kawai, autarsu Darlene ce, direbar motar makaranta, wadda furfura ta fara leƙo mata. Samarin garin duk sun tafi birni. Abin da ya kawo Kanar Ostrowski daga hedkwata ke nan: ya duba ko a rushe rundunar.

Sai ga shi an ɗaura masa tawul a ƙugu, an damƙa masa ludayi.

"Kanar, romon nan ka zuba shi kamar kana so," in ji Darlene daga kujerar Manjo.

"An gama, ranki ya daɗe."

Aka ci talotalo, aka yi ta tsiya. Da aka ƙoshi, Kanar ya miƙa hannu zai ɗauki farantinta. Ta dafe.

"Kada wanda ya taɓa kwanon nan. Umarni ne."

"Har yaushe, ranki ya daɗe?"

"Har ka faɗa mana ko baɗi muna nan."

Cokula suka tsaya.

Kanar ya zauna a gefen benci, ludayi a hannu. "Hedkwata ba ta ƙi ku ba. Amma autarku ta girmi matata."

Wasyl ya ƙware da shayi.

"Masu gama sakandare bana," in ji Darlene, "duk ni na goge musu majina a mota. Na san mai ƙashin soja a cikinsu."

"To, in baɗi na tarar da sabon auta cikin rigar nan, ni zan tsaya muku."

Ta sauke ajiyar zuciya. Maɓallin ya fille, ya faɗa tsundum cikin romo.

"A kwashe kwanuka," ta ce. "Kanar, kai ne da wanke-wanke."