Sai Awo Ya Cika

"Ba mai fita sai awo ya cika," in ji mai gadin, bai ko ɗago ya kalle mu ba.

Ni da Sardaran muna tsaye a ƙofar gidan buga kuɗi tun azahar, keken dokina na jira a bakin titi. Mijinta Ustad Meraj, maƙwabcina da katanga ɗaya ta raba mu, ya yanke jiki ya faɗi a ciki, kusa da tukunyar narka ƙarfe. Wani abokin aikinsa ne ya tsegunta mana ta taga, da muka kawo masa abincin rana.

Dokar gidan kowa ya san ta a unguwarmu. Ranar rufe shekara ake gwada nauyin tagullar da ta shiga da na kwabban da aka buga, har ƙurar da aka share a ƙasa. In bai yi daidai ba, ƙofa a kulle take, ko wa ke ciki. A shekarar nan kuwa an matsa wa ma'aikatan lamba. Ƙasa sabuwa ce, ana so kuɗinta su kori na Turawa daga kasuwa. Meraj ya daɗe yana dawowa gida da tari, Sardaran na dafa masa shayi da citta, shi kuwa kullum sai ya ce bari dai a rufe shekara.

Na roƙi mai gadin, na haɗa shi da Allah da iyayensa. Na ce su caje Meraj, su tuɓe shi ma in suna so, ga asibiti nan bayan gada. Ya ce shi umarni yake bi. Can sai Munshi Latif mai kula da awo ya leƙo, alƙalami a bayan kunne.

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri, saura kaɗan. An ba shi ruwa."

"Ruwa?" in ji Sardaran. "Munshi, wanda ya koya maka riƙe ma'auni ne kwance a ƙasa. Ɗora ni a sikelin, in cike muku abin da ya ɓata."

Wallahi da akwai gatari a hannuna da na sare ƙofar nan. Har yau in na tuna, zuciyata tafasa take.

Bayan la'asar aka gano abin da ya ɓata. Wani ɗan guntun tagulla ne da bai kai ƙwallon dabino ba, ya maƙale a ƙarƙashin inji. Aka buɗe ƙofa. Abokan aikinsa suka fito da Meraj a kan gadon igiya, an ja masa mayafi har ka. Duk da haka sai da mai gadin ya warware rawanin Meraj ya kakkaɓe, ya laluba aljihunsa a kan idon matarsa. Ita ta tsuguna ta ɗauki rawanin daga ƙasa.

Ni na yi masa wanka a tsakar gidansa, a gindin darbejiya. Da na zuba ruwa a gemunsa da faratansa, sai ruwan ya gangara kwata yana ƙyalli ja-ja da garin tagulla. Sardaran na zaune a bakin ƙofar ɗaki, rawanin a cinyarta, tana naɗe shi a hankali yadda yake yi in zai fita aiki.