Ihun Ƙarfe Uku

Ɗan sandan ya lashi yatsa ya juya shafin littafin dokar, ya dubi Tsvetanka ta saman tabarau.

"Baiwar Allah, fyaɗe hawa-hawa ne. In da ƙarfi ko barazana, shekaru ne a gidan yari. In an ji miki babban rauni, a ƙara. Kin karye?"

"Ban karye ba, Yallaɓai."

"Kash. To kin yi ihu?"

"Muryar ce ta ƙi fita."

Sufeto Gochev ya ajiye biro kamar an ɓata masa aiki. Shi fa bai ce ƙarya take ba. Kawai dai bai ga layin da zai saka Rumen, shugaban mazauna benensu, wanda ya shigo mata ran Talata da sunan duba bututun ruwa.

Aka shigo da shaida, Baba Donka, tsohuwar da bango ɗaya ya raba su.

"Ƙarfe uku ne fa, ɗan nan, lokacin hutun rana," in ji ta. "Daga biyu zuwa huɗu ko cokali ya faɗi a benen nan sai na ji. Ban ji komai ba. Yarinyar kirki ce, ba ta taɓa damun kowa ba."

Da wannan yabon aka rufe fayil, aka ce Tsvetanka ta dawo in ta tuno wani abu.

Ta hau bas ta koma gida. A ƙofar bene ta tsaya. Ga takardar nan manne: a yi shiru daga biyu zuwa huɗu. A ƙasa sa hannun Rumen ne, har da ɗan lanƙwasa na ado. Agogonta ya nuna uku da 'yan mintuna.

Sai muryar ta zo. Ta kurma ihu tun daga cikinta, ta sake, ta kuma sakewa, har karnukan unguwa suka karɓa. Tagogi suka buɗe hawa takwas. Baba Donka ce ta kira 'yan sanda, tana kuka tana latsa lambar, don ita doka ba ta da maƙwabci.

Ko minti goma ba a yi ba sai ga Gochev, biro a hannu, fuska a sake.

"Yauwa, wannan kam yana da sashe a doka."

"Rubuta na yi ihu," in ji Tsvetanka, murya a dushe. "Rubuta kowa ya ji."

Ya rubuta tsaf, ya sa kwanan watan yau.